Hayar keken hawan dutse a Marwa

Wani shago da ke kusa da babbar kasuwar Marwa, a arewacin Kamaru, yana bayar da hayar kekuna masu giya da faffaɗar taya, kuma da ɗaya daga cikinsu na je Dutsen Mindif, tafiyar kusan kilomita 25. Tayar ce ta fi gamsar da ni, domin a rairayin busasshen mayo (wato kogi), inda keken gida kan nutse ya tsaya cik, wannan yana wucewa muddin an ɗan rage masa iska. Birkin yana kamawa sosai a gangare. Sai dai sirdin yana da tauri, kuma shagon ba ya haɗa wa mai haya famfo da kayan faci, alhali ƙayar aduwa ta cika hanyar.