Sharhi a kan ƙwayoyin homiyofati na hiltit, Asa foetida 9CH

Maganin da nake so in yi sharhi a kansa wasu ƴan ƙwayoyi ne farare ƙanana da ke zuwa cikin ɗan bututun roba, an rubuta Asa foetida 9CH a jikinsa. Wani kamfanin Faransa ne ke yin su, kuma wanda ya zo hannuna saƙo na bayar a wani farmasi a nan Yamai aka kawo mini, a kan kuɗin da ya haura jika biyu. Masu bin hanyar maganin homiyofati suna ba da shi ga mai fama da kumburin ciki da yawan gyatsa, da wanda ke jin kamar wani dunƙule yana taso masa daga ciki ya tokare a maƙogwaro, har ma da mai jego da ruwan nono ya yi wa ƙaranci. Na sha shi yadda aka tsara, na kuma bi diddigin yadda ake yin sa da binciken da aka yi a kansa, kuma hukuncina shi ne kaya ne mai tsabta da kyan shiri, amma bai cancanci kuɗinsa ba, domin abin da aka rubuta sunansa a jikin bututun kusan babu shi a ciki.

Asa foetida shi ne ƙaron nan mai tsananin wari da masu sayar da magungunan Musulunci ke kira hiltit, mutanen Indiya kuma suna ce masa hing. Daga saiwar wani tsiro ake samun sa, mai suna Ferula, dangin karas, wanda ke fitowa a busassun tsaunukan Iran da Afganistan da tsakiyar Asiya. Sai tsiron ya shekara 4 zuwa 5 kafin a taɓa shi. A lokacin bazarar can, kafin ya yi fure, ake tone gindinsa a yanke kan saiwar, wani farin ruwa mai kauri ya riƙa tsattsafowa, a bar shi ya daskare a kankare, a sake yanka wani wurin, ana yin haka har wajen wata 3. Warinsa, wanda ya haɗa na albasa da na tafarnuwa ya kuma zarce su, daga sinadaran farar wuta da ke cikin mansa yake fitowa. Indiya ce ta fi kowace ƙasa cin sa, musamman a girkin wake da dangoginsa don rage kumburin ciki, amma daga waje take sayo shi, galibi daga Afganistan, sai a 2020 ne ta fara gwada noman sa a jihar Himachal Pradesh. Likitocin Musulmi na da, irin su Ibn Sina, sun yi magana a kan amfaninsa ga narkewar abinci. Abu ne mai tarihi da ƙarfi, kuma duk wanda ya taɓa buɗe ƙullinsa a ɗaki ya san ba a ɓoye shi.

Saboda haka abu na farko da ya ɗaure mini kai da na buɗe bututun shi ne babu wari ko kaɗan. Dalilin yana cikin alamar 9CH. Homiyofati hanya ce da wani likitan Jamus, Samuel Hahnemann, ya ƙirƙiro a 1796, a kan ra'ayin cewa abin da ke jawo wa mai lafiya wata alama shi ne zai warkar da maras lafiya mai irin wannan alamar, muddin an tsinka shi ƙwarai. Ana jiƙa ƙaron a cikin alkol, a ɗebi kashi 1 a zuba cikin kashi 99 na ruwa ko alkol a girgiza da ƙarfi, wannan shi ne 1CH. Daga wannan a sake ɗebar kashi 1 a zuba cikin sabon kashi 99, ya zama 2CH, a yi ta maimaitawa har sau 9. Idan aka yi lissafi, abin da ya rage kashi 1 ne cikin lambar da ke da sifiri 18 a bayanta, wato tamkar a ɗiga ɗigo guda na jiƙon farko a cikin ruwan da ya fi wanda kogin Isa, wato kogin Neja, ke wucewa da shi ta ƙarƙashin gadar Kennedy ta nan Yamai a shekara guda. Daga wannan ruwan ne ake yayyafa wa ƙwayoyin sukari a shanya su. Idan aka kai 12CH, lissafin ilimin sinadarai ya nuna da wuya ko ƙwayar zarra ɗaya ta ƙaron ta saura, amma duk da haka ana sayar da 15CH da 30CH, masu wannan hanya kuma suna ɗaukar su a matsayin mafi ƙarfi.

Ta fuskar shiri, ba ni da abin kushewa. Bututun yana ɗauke da ƙwaya wajen 80, nauyinsu gram 4, kuma an yi masa murfi mai dabara: a kifa shi, a murza, ƙwayoyin su faɗo ɗaya bayan ɗaya cikin murfin, a juye su ƙarƙashin harshe ba tare da hannu ya taɓa su ba. Suna narkewa a hankali, da ɗan zaƙi kawai, domin sukari ne da sukarin madara. Zafin Yamai bai narkar da su ba, bai kuma sa sun manne da juna ba, ko da yake a aljihu nake yawo da su. Ranar lalacewa tana nan a rubuce sarai. Abin da babu a jikin bututun shi ne sunan ciwon da yake magani, kuma wannan ba mantuwa ba ce. Dokar Tarayyar Turai ta ba irin waɗannan magunguna hanyar rajista mai sauƙi, wadda ba a neman hujjar cewa suna warkarwa, bisa sharaɗin an tsinka su sosai kuma ba a rubuta wani ciwo a jikinsu ba. Mai saye a nan, da ya ga rubutun Faransanci da tambarin kamfani, yakan ɗauka an gwada maganin kamar yadda ake gwada na zazzaɓin cizon sauro, alhali takardar da ya samu ta tsabta ce da rashin cutarwa.

Ni kumburin ciki ne ya kai ni gare shi, irin wanda ke biyo bayan cin wake ko cin tuwo da dare a kwanta nan take. Na riƙa shan ƙwayoyin kafin abinci, nesa da shayi da goro, na tsawon makonni. Wasu ranaku cikin ya lafa, wasu ranaku ya tashi, daidai yadda yake yi tun kafin in san da maganin, kuma ranakun da ya lafa su ne waɗanda na ci abincin dare da wuri ko aka jiƙa waken ya kwana kafin a dafa. Shaidar mutum ɗaya ba ta isa a yanke wa magani hukunci ba, ko ta yabo ce ko ta suka, shi ya sa na fi ba binciken masana nauyi.

A nan ne lamarin ya fi jan hankali, domin hiltit yana cikin ƴan magungunan homiyofati da aka taɓa gwadawa a kan ciwon ciki. A Jamus an yi gwaji biyu, a 1976 da 1979, a kan masu ciwon hanjin nan da ke zuwa da murɗa da kumburi da taurin bayan gida ba tare da an ga wani rauni a hanjin ba. Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen magani ta auna ingancinsu, ta duba su a 2013 ta kuma sake dubawa a 2019. Bayan mako 2, mutum 46 cikin 63 da suka sha hiltit sun ce sun ji sauƙi, yayin da cikin 66 da aka ba maganin wofi, wanda babu hiltit a cikinsa, mutum 30 suka faɗi haka. Masu tallan maganin suna son waɗannan alƙaluma, kuma haƙƙinsu ne a ambace su. Sai dai masu bitar sun ce hujjar mai rauni ce ƙwarai, saboda mutanen kaɗan ne, lokacin gajere ne ga ciwon da ke ɗaukar shekaru, kuma ba a bayyana yadda aka gudanar da gwajin dalla-dalla ba. Akwai kuma abin da na ga ya fi wannan muhimmanci ga mai riƙe da bututun 9CH: abin da aka ba mutanen Jamus kashi 1 ne cikin 1,000, wato akwai ƙaron na gaske a ciki. Ko da an gaskata sakamakon baki ɗaya, shaida ce a kan hiltit ɗan kaɗan, ba ta shafi ƙwayar da aka tsinka har sau 9 ba. Waɗancan mutum 30 da suka ji sauƙi da maganin wofi kuma sun isa su bayyana mana dalilin da ya sa maƙwabci zai rantse da gaskiyarsa cewa maganin ya yi masa aiki.

Ƙasar da ke yin ƙwayoyin ma ta yanke nata hukunci. A 2019 babbar hukumar tantance magunguna ta Faransa ta ce ba ta ga isasshiyar hujjar amfaninsu ba, sai gwamnati ta rage abin da inshorar lafiya ke mayar wa mai saye daga kashi 30 cikin 100 zuwa 15 a 2020, ta daina biya gaba ɗaya daga 1 ga Janairun 2021. Hukumar binciken lafiya ta Ostareliya ta riga ta kai ga irin wannan matsayi tun 2015.

Abin da ya fi damuna shi ne batun masu jego. Ƙwayar sukari ba za ta cutar da uwa ba, amma makon da aka ɓata ana jiran ta kawo ruwan nono mako ne da jariri ke ramewa. Abin da aka tabbatar yana ƙara nono shi ne yawan sa jariri a mama dare da rana, da gyara yadda yake kama shi, kuma ungozoma a likitar unguwa za ta duba wannan ta auna nauyin yaron. Haka ma mai kumburin ciki da ya daɗe: a ƙasarmu tsutsar ciki da atini da gyambon ciki ba baƙi ba ne, gwajin bayan gida yana gano da yawa daga cikinsu, kuma suna da maganin da ke kashe su. Wanda kumburinsa ya zo da rama, ko amai, ko baƙin bayan gida, ko jini, ko kumburin da ba ya sauka, likita ya kamata ya nufa a ranar, kada ya tsaya lissafin ƙwaya ƙarƙashin harshe.

Kada kuma wani ya fahimce ni da cewa tunda na bututu babu kome a ciki, sai a koma ga ƙaron kasuwa a sha yadda aka ga dama. Na sayi ɗan ƙulli a wurin wani mai magunguna a kasuwar Katako don in kwatanta, dattijo mai sanin kayansa, wanda ya ce mini, "Malam, ɗan ƙanƙani ake sawa, wannan ba a yi masa gaggawa," kuma gaskiya ya faɗa. Ɗan abin da aka soya a mai aka zuba a wake yana gyara ɗanɗano, warin ya kwanta ya koma ƙamshi, kuma miliyoyin mutane suna cin sa haka kullum. Amma da yake yana da ƙarfi na gaske, yana da haɗari na gaske. A 1984 wata mujallar likitocin yara ta Amurka ta ba da rahoton jariri ɗan mako 5 da aka ba hiltit don ciwon ciki, jininsa ya kasa ɗaukar iskar numfashi yadda ya kamata har sai da aka kwantar da shi. Don haka ba a ba jarirai shi, mai ciki da mai shayarwa su nisanci shan sa a matsayin magani, mai shan maganin tsinka jini kuma ya fara tambayar likitansa. Garin hiltit da ke zuwa cikin gwangwani yawanci an haɗa shi da garin alkama ko na shinkafa da ƙaro, wanda alkama ke wahalarwa sai ya karanta jikin gwangwanin.

Ga baligin da likita ya riga ya duba ya ce babu wani ciwo a ɓoye, wanda kuma yake jin natsuwa idan ya sa wani abu a baki kafin abinci, ƙwayoyin Asa foetida 9CH ba za su yi masa illa ba, in ban da ɗan sukarin da mai ciwon sukari zai sa a lissafi. Ni dai ba zan sake ba da saƙonsu ba, kuma duk wanda ya nemi shawarata a kan kumburin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, zan ce masa ya ɗora wannan jika biyun a kan kuɗin gwajin bayan gida da ganin likita.