Vikram Seth ko Rohinton Mistry: wanne za ki fara ɗauka?

'Yar'uwa, kin ce Indiyar da kika sani ta fina-finai ce, an kuma ba ki sunayen littattafai biyu, A Suitable Boy da A Fine Balance, kina son jin wanda zai fi sauya miki tunani game da mutanen ƙasar kafin ki fitar da kuɗinki. Na karanta su duka. Da Turanci aka rubuta su, marubutan kuma sa'o'in juna ne, a 1952 aka haife su, Vikram Seth a Kalkata, Rohinton Mistry a Bombay. Sai dai kowa da ƙofar da ya bi ya shiga Indiya.

Na Seth ya fito a 1993, shafi fiye da 1,300, ba a riƙe shi da hannu ɗaya a kwance. Da biki ya buɗe. Ana aurar da Savita, uwar amarya Rupa Mehra ta juya ga ƙanwar, Lata, ta shaida mata cewa ita ma mijin da aka zaɓa mata za ta aura. Nan za ki ce ai wannan fim ne kika sha gani: ga Kabir, ɗan jami'a Musulmi da take so alhali ita Hindu ce, ga Amit mawaƙi ɗan gidan alƙali, ga Haresh mai aikin takalmi wanda uwar ta fi natsuwa da shi. Amma Seth bai bar ki a zauren soyayya ba. Shekarar 1951 ce, 'yancin kai bai wuce shekara huɗu ba, raunin raba Indiya da Pakistan bai warke ba. Surukin Savita, Mahesh Kapoor, minista ne, shi ke tura dokar da za ta karɓe gonaki daga hannun manyan masu ƙasa, kuma cikin waɗanda dokar za ta tsiyata har da amininsa Nawab na Baitar. Ana gina wurin bautar Hindu jikin wani tsohon masallaci. Muharram ya haɗu da bikin Hindu a titi ɗaya, jini ya zuba. Sannu a hankali sai ki gane maganar auren Lata ba ta Lata kaɗai ba ce, addini da gona da ƙuri'a duk suna da baki a ciki.

Abin da littafin ya yi mini shi ne ya hana ni saurin yanke wa mutum hukunci. Rupa Mehra, da a fim ne, muguwar uwa ce kawai. A nan mace ce da mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu, mai yawan kuka da rubuta dogayen wasiƙu, tana tsoron ta mutu ba ta ga 'yarta a ɗakinta ba. Za ta ba ki haushi, ki kuma ga gwaggonki a cikinta.

Na Mistry ya fito a 1995, girmansa bai kai rabin wancan ba, amma ya fi shi nauyi a zuciya. Zamanin dokar ta-ɓaci ne da Indira Gandhi ta kafa a watan Yunin 1975, wadda ta kai har Maris na 1977. Mutum huɗu ne a wani ɗan gidan haya a birnin bakin teku da bai ambaci sunansa ba: Dina, wadda mijinta ya rasu kuma ta ƙi komawa ƙarƙashin yayanta, Maneck, ɗalibi ɗan haya, sai teloli biyu, Ishvar da ɗan ƙaninsa Om, da ta ɗauka suna mata ɗinki a kan keke biyu na haya.

Ki lura da kofin shayi. Da farko Dina ta ware wa telolin nasu kofunan daban, ba sa haɗuwa da nata. Asalinsu majema ne, jinsin da ake kira Chamar, waɗanda a ƙauye ko rijiyar manya ba a bari su kusanta. Mu ma muna da majema da dukawa, sana'ar gado ce, amma a masallaci kafaɗa da kafaɗa ake tsayawa da su. Can kuwa mahaifin Ishvar da ya kai 'ya'yansa koyon ɗinki wurin abokinsa Ashraf, tela Musulmi, laifi ya yi a idon manyan gari, don ya fitar da su daga inda aka ce an halicce su. Ranar da Dina ta daina ware kofunan, Mistry bai buga ganga ba, layi kaɗan ne, kuma ya fi mini dogon jawabi tasiri.

Inda bambancin littattafan ya fi fitowa a wurina shi ne zaɓe. Seth ya kai ki zaɓen farko na ƙasa baki ɗaya, na 1951 zuwa 1952, kina bin ɗan takara ƙauye-ƙauye, da maguɗinsa da jita-jitarsa, amma da fatan cewa ƙasar ta kama hanya. A wajen Mistry kuwa Narayan, mahaifin Om, cewa ya yi shi da hannunsa zai jefa ƙuri'arsa maimakon ya dangwala yatsa yaran mai gona su cike masa. Kashe shi aka yi, aka ƙone gidansu da iyalinsa a ciki. Daga nan sai rusau a unguwar marasa galihu, da kwasar mutane a mota a kai su taron firaminista, da kamen maza a kasuwa a yi musu aikin hana haihuwa na dole. Seth yana nuna miki doka tun tana bakin 'yan majalisa, Mistry kuma yana nuna miki ita bayan ta sauka a jikin talaka. Tun da na gama shi, in na ji an ce za a tsabtace birni, tambayata ta farko ita ce ina za a kai mutanen.

Kowanne da aibinsa. Seth yakan zauna a majalisa ko kotu shafi bayan shafi har ki fara hamma, ko da yake ni babin jima da na kamfanin takalma sun burge ni, inda Haresh ya haɗa takalmi da hannunsa don ya nuna wa manajoji 'yan Cek ya cancanci aikin. Mistry kuma ya cika jibga masifa, daga wannan sai waccan, har ki ce kai, bawan Allah, ka bar musu ko da numfashi ne. Ƙarshensa ba daɗi, in kina cikin damuwa ki ɗaga masa ƙafa tukuna.

Ni dai shawarata ki fara da A Fine Balance, don shi ne zai fi saurin raba ki da Indiyar rawa da waƙa, kuma mai aiki ma zai iya gama shi. A Suitable Boy ki ajiye shi sai kin sami hutu mai tsawo, ki kuma riƙa duba jadawalin dangi da ke farkonsa, don gidaje huɗu ne suka sarƙe da auratayya da abota. BBC ta mayar da shi shiri mai kashi shida a 2020, Mira Nair ce ta ba da umarni ga mafi yawansa, amma kada ki kalla tukuna, zai faɗa miki wanda Lata ta aura.