Saiwar irkus-sus: yankakkiya ta fi gari

Irkus-sus, wato likoris, ana samun ta yankakkiya, ko gari, ko ƙwayoyin DGL, wato waɗanda aka cire wa sinadarin zaƙinta. Yankakkiyar ce zaɓinmu, domin ido na iya tantance ta. Mai kyau bawonta ruwan ƙasa ne mai tamoji, cikinta rawaya ne mai zare-zare, in an karya ta ba ta lanƙwasa. A tauna ɗan guntu: zaƙin ba ya zuwa nan take, amma in ya zo sai ya daɗe a maƙogwaro. Wadda ke warin danshi ko ta yi fumfuna a zubar, don gubar okaratoksin da fumfuna ke haifarwa ba ta mutuwa da tafasawa. Gari kuwa ba a sanin abin da aka cuɗa a ciki, ga saurin zarce ƙima.

Ga tari mai majina da ƙaiƙayin maƙogwaro an daɗe ana amfani da ita, haka ma ga ƙwarnafi. A zuba giram 1.5 zuwa 2 a ruwan zafi mililita 150, a rufe minti 10 zuwa 15, a tace. Ba ta bukatar sukari, sinadarin gilisirizin da ke cikinta ya ninka sukari zaƙi har kusan sau 50.

Wannan sinadarin dai shi ne matsalar. Yana hana ƙoda kashe ƙarfin kotisol, wani sinadari da jiki ke samarwa, sai jiki ya riƙe gishiri da ruwa, ya zubar da fotasiyam. Daga nan sai hawan jini, kumburin ƙafa, kasala, har bugun zuciya ya rikice. A 2003 kwamitin kimiyyar abinci na Tarayyar Turai ya ba da shawarar kada a wuce miligiram 100 na gilisirizin a rana, alhali giram 2 na saiwa mai kyau na ɗauke da 80 ko fiye. Kofi biyu kullum ba wasa ba ne, kuma kada a haura mako huɗu a jere. Abin takaici, kwalaye da yawa ba sa rubuta wannan gargaɗi.

Mai juna biyu, mai hawan jini, mai ciwon ƙoda ko zuciya, da mai shan digoxin (maganin zuciya) ko furosemide (maganin sa fitsari), su bar ta. DGL, wadda aka cire wa gilisirizin, ta fi sauƙin haɗari ga mai ƙwarnafi. Ana tauna ta idan saura minti 20 a ci abinci, sai dai ga tari ba ta kai saiwar ba.