Asibitin da muka kai Hajiya kan mantuwa, ga yadda ta kaya

Wata huɗu kenan muna kai Hajiyarmu wani asibitin kuɗi nan wajen Nasarawa, mantuwa ce ta fara mata yawa, sai ta ɗora tukunya ta manta, ranar da ta kira jikarta da sunan ƙanwarta marigayiya wallahi jikina sanyi yayi.

Likitan ƙwaƙwalwar nan kam Allah ya saka masa da alkhairi. Bayan an ɗauki hoton cikin ƙwaƙwalwarta da na'urar MRI ya zaunar da mu ya nuna mana wasu fararen ɗigo-ɗigo, yace ƙananan jijiyoyin jini ne suka lalace, jinin baya isa wasu sassan ƙwaƙwalwar yadda ya kamata, kuma hawan jini da sugan da ta daɗe dasu suna da hannu a ciki. Yace yana ganin alamun Alzheimer, wata cutar mantuwa da ta fi kama tsofaffi, ma a haɗe, shi yasa ya ɗora ta kan donepezil 5mg da daddare, bayan sati 6 ya maida 10mg. Bai ɓoye mana ba, maganin baya warkarwa, wani sinadarin da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika saƙo dashi yake ƙarawa. Satin farko tayi tashin zuciya da gudawa, mafarkai kuma suka dame ta har aka maida shan da safe. Duk zuwa sai sun auna bugun zuciyarta tunda maganin yana iya rage shi.

Yanzu tana bin hira fiye da da, mantuwar dai tana nan.

Inda suka gaza jira ne, awa 3 tsohuwa na zaune kan benci babu ko fanka. Ku tafi da ruwa da duk magungunanta a leda.