Sharhi kan Kayan Haɗa Ƙaramin Skee-Ball na Kan Tebur

Wasan Skee-Ball ya samo asali ne daga Amurka, inda Joseph Fourestier Simpson na garin Vineland a jihar New Jersey ya sami rajistar mallakarsa a 1908. Mai wasa yakan gara ƙwallo a kan doguwar hanya, ta hau wani ɗan tudu a ƙarshe, ta yi tsalle ta faɗa cikin zobban da ke ba da maki daga 10 zuwa 50, ko kuma ramukan kusurwa masu maki 100. Na gidajen wasa yakan kai ƙafa 10 ko 13, amma wanda nake sharhi a kai ƙarami ne da ake sayarwa a intanet cikin kwali, a yanyanke, mai saye ya haɗa da kansa ya ɗora a kan teburin cin abinci.

Darajar kayan duka tana ga tudun, kuma a nan masu ƙerawa sun yi aiki. Idan lanƙwasarsa ta yi tsanani ƙwallon takan tashi sama ta dawo wa mai ita, idan kuma ta yi kwance da yawa sai ta wuce ta bugi bango ba tare da ta ɗago ba. Wannan tudu yana ɗaga ƙwallon daidai gwargwadon ƙarfin hannu, ta yadda wanda ya dage zai ga hannunsa yana faɗawa. Sai dai akwai ɗan rashin daidaito inda tudun ya haɗu da hanyar, wanda dole a goge shi da samfefa kafin a sa gam, domin kaurin farce kaɗai ya isa ya karkatar da ƙwallo.

Sauran sassan ba su kai wannan inganci ba. Zobban na roba ne mai tauri, saboda haka ƙwallon da ta sauka a tsakiyar zoben 40 tana iya yin tsalle ta fita, abin da ke ɓata wa yara rai matuƙa. Manna ƙyalle mai laushi a gindin kowane zobe yana magance hakan, yana kuma rage ƙara. Hanyar da ke dawo da ƙwallaye ba ta da isasshen gangara, sai an ɗan ɗaga bayan allon. Katakon ma siriri ne kuma ba fenti, alhali irinsa yakan kumbura ya lanƙwashe da damina, don haka ya kamata a shafe fuskokinsa biyu tun kafin haɗawa. Takardar bayani kuwa zane ne kawai.

Wanda ke da sukudireba, gam da haƙurin yin waɗannan gyare-gyare zai more kuɗinsa. Mai neman abin da za a buɗe a fara wasa nan take gara ya sayi haɗaɗɗe. A nisanta ƙwallayen daga ƙananan yara, domin girmansu bai wuce a haɗiye ba.