Sharhi: Ƙarshen Mako a Jirgin Haya a Foxton, Kallo da Abinci Sun Yi, Barci Sai a Gaba

Idan kana zaune a Leicester ko kusa da ita kana shawarar ɗaukar hayar siririn jirgin nan na kwana da Turawan Ingila ke yawo da shi a kanal, wato hanyar ruwan da aka haƙa domin jirage, ga ra'ayina tun daga farko: ka je Foxton, ka sha kallo, ka ci abinci, amma kada ka ɗaure jirginka a gindin ƙofofin ruwan nan, masu tare ruwa su ɗaga jirgi mataki-mataki zuwa kan tudu, daren Asabar da niyyar yin barci. Wurin da ya fi kyau a hoto ba shi ne ya fi daɗin kwana ba, kuma kamfanin haya ba zai faɗa maka haka ba sai ka tambaya.

Mun ɗauki namu a Market Harborough, ni da maiɗakina da yara da ƙanenta da ke karatu a nan. Faɗin jirgin bai cika ƙafa 7 ba, domin ƙofofin da zai ratsa faɗinsu ke nan, amma a ciki akwai gadaje da murhun gas da firij da bayi da wurin wanka. Ba a neman lasin tuƙi. Ma'aikaci ya nuna mana yadda ake sarrafa sandar tuƙi da yadda ake ɗaure igiya, ya raka mu kaɗan, ya sauka. Daga nan zuwa Foxton kimanin mil 5 da rabi ne, babu ƙofar ruwa ko ɗaya a hanya, sai gadoji masu juyawa da mutum zai sauka ya tura da kansa. Dokar gudu mil 4 ce a sa'a, kuma in za ka wuce jiragen da ke ɗaure dole ka rage har inji ya koma numfashi kawai, don kada igiyar ruwanka ta girgiza musu tukunya. Wannan ɓangaren tafiyar ba ni da abin cewa a kansa sai alheri. Gonaki, tumaki, shiru.

Foxton kanta ta cancanci sunan da ta yi. Ƙofofin ruwa 10 ne a jere, biyar a sama biyar a ƙasa, da ɗan fili a tsakiya inda jirage biyu za su iya wuce juna, suna ɗaga jirgi ƙafa 75 zuwa kan tudu. An gama su a 1814. A 1900 aka gina wani injin tururi a gefe mai jan jirgi a cikin ƙaton tanki ya haura da shi tudun cikin minti 12, maimakon kusan minti 45 da ƙofofin ke ci, amma kuɗin kula da shi ya fi abin da yake kawowa, aka dakatar da shi a 1911, daga baya aka kwance ƙarafan aka sayar. Daga baya aka buɗe ɗan gidan tarihi a inda tukunyar tururin take a da. Duk wannan ne ke jawo jama'a, kuma yawancinsu ba masu jirgi ba ne. Da mota suke zuwa, da karnuka da kekunan jarirai, su tsaya a kan gada suna kallon yadda kake fama da ƙofa. Da rana abin ban sha'awa ne, yara sun ji daɗi ƙwarai, har wani dattijo ya bar su suka taya shi tura ƙofa.

Wuraren ɗaure jirgi na baƙi da ke kusa da mahaɗar ruwan, a gindin ƙofofin, suna da zobban ƙarfe a bakin gaɓa, ba sai ka kafa turke da guduma ba, shi ya sa kowa ke rububinsu. Hukumar Canal & River Trust, wadda ta karɓi kula da kimanin mil 2,000 na hanyoyin ruwan Ingila da Wales a 2012, takan taƙaita zama a irin waɗannan wurare masu farin jini, galibi sa'o'i 48, alhali a yawancin gaɓar kanal mutum na iya yin kwana 14. Da la'asar ɗin Asabar wurin ya cika maƙil, hancin wannan jirgi na taɓa wutsiyar wancan. Mu da muka samu gurbi har murna muke yi.

Sai maganar ci. Gidajen abincin da ke bakin ruwan mashaya ce a asalinsu, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Amma wanda bai zauna a Ingila ba zai iya ɗaukar wani hoto daban a ransa. Da rana iyalai ne cike da wurin, kakanni da jikoki, shayi da lemo da faranti. Duk da haka giya na kan tebura, kuma na san akwai 'yan uwa da ba za su zauna ba ko da a waje ne. Ba zan yi jayayya da su ba, kowa ya san inda malaminsa ya tsaya. Mu dai a benci na waje can gefe muka zauna, kuma da muka tambaya an yarda a zuba mana sauran mu tafi da shi jirgi.

Tsarin shi ne ka duba lambar teburinka, ka je kanta ka faɗi abin da kake so, ka biya nan take. In ka zauna kana jiran a zo a tambaye ka, yunwa za ta kashe ka a zaune. Matsalar musulmi ba a naman alade take ba, domin shi a bayyane yake a takarda. Tana cikin abin da ka ɗauka lafiya lau ne. Soyayyen kifi da dankali, wanda duk muke gudu gare shi, sau da yawa da giya ake kwaɓa ƙullun da ake tsoma kifin. Romon da ake zubawa kan nama da dankali wani lokaci da giyar inabi a ciki. Wasu wuraren a kitsen sa suke soya dankali, wasu kuma mai ɗaya ne da wanda aka soya tsiren alade a ciki. Dokar ƙasar ta tilasta wa masu abinci su bayyana abubuwa 14 da kan tayar wa mutane borin jini, irin su gyaɗa da madara da ƙwai, amma giya da alade ba sa cikin jerin, don haka sai ka buɗe baki ka tambaya. Yarinyar da ke kanta ba ta ɓata rai ba, ta shiga kicin ta dawo ta ce ƙullun da giya ne, amma za a iya gasa mana kifin haka nan. An gasa, ya yi daɗi, sai dai ba yaji ko ƙwaya. Maiɗakina ta dube ni ta ce, "Baban yara, ai da ka bari na taho da yajin nan." Gasasshen dankalin Turawa da cuku da wake shi ne abin da yara suka cinye tas, da wani zazzafan kek na dabino da ake kwarara masa narkakken sukari. Wannan kek ɗin kam zan koma dominsa.

Abin da ban ji daɗinsa ba jira ne. Ƙarshen mako kicin ɗin ba ya iya ɗaukar yawan jama'ar, abincinmu ya jima ƙwarai, na yara ya riga namu isowa har ya huce. Kuɗin kuma ya ɗara na cikin gari, ruwan da kake kallo ma ana sa maka shi a lissafi. Wanda zai je ya ci tun kafin ƙarfe 6, ko ya kama tebur ta waya, musamman Lahadi da rana lokacin gasasshen namansu na al'ada, wanda mu dai ba namu ba ne tunda ba yankan musulmi ba ne. Naman da muka saya a shagon halal a Leicester kafin mu taso shi ya rufa mana asiri sauran lokutan, dafa-duka a kan murhun jirgi, taga a buɗe.

Dare shi ne inda sharhin nan ya samo asali. Na yi zaton hayaniyar daga mashaya za ta zo, kuma ta zo ɗin: a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen 9 da rabi, saboda haka mutane na zaune a waje har bayan mun yi magariba, ana dariya ana ƙwala kira, kuma murya na tafiya a kan ruwa fiye da yadda take tafiya a kan ƙasa. Amma wannan tana da iyaka, wajen ƙarfe 11 aka watse. Wadda ba ta da iyaka ita ce ta maƙwabta. A bayanmu wasu samari ne da suka ɗauki jirgi don shagalin abokinsu da zai yi aure, suka dawo daga mashaya suka ɗora daga inda suka tsaya, a kan rufin jirgi, da 'yar lasifikarsu. A gabanmu kuma wani ya tayar da inji don cajin batir. Sharaɗin lasin jirgi ya hana kunna inji ko janareta a tsaye daga 8 na dare zuwa 8 na safe in akwai wanda zai ji, amma da daddare babu ma'aikacin da ke zagayawa, ya rage tsakaninka da maƙwabcinka. Jikin jirgi ƙarfe ne, yana zaune cikin ruwa, ƙugin injin wani ba ta kunne kaɗai yake shigo maka ba, ta katifa kake jin sa. Na kwanta ina tunanin na baro ƙarar janaretan maƙwabta a Kano, ga ta ta biyo ni har ƙauyen Turawa.

Ƙanen maiɗakina ne ya fita ya yi wa mai injin magana cikin ladabi, ya ba da haƙuri ya kashe. Samarin ba mu tanka musu ba, mai giya a kai ba abokin magana ba ne a bakin ruwa cikin duhu, sai can tsakar dare suka gaji don kansu. Ga kuma gajeren dare: ka yi isha'i a makare, asuba ta riske ka ba ka yi nisa ba, rana ta fito kafin ƙarfe 5, agwagi su fara ƙwanƙwasa jikin jirgi da baki suna tsintar gansakuka, masu gudun safe da masu kekuna su fara wucewa dab da tagarka, domin hanyar gefen, wadda dawakai ke bi a da suna jan jirage, ta kowa ce. Labule dole ne, musamman ga mai iyali.

Washegari muka rubuta suna wurin masu kula da ƙofofin, waɗanda da yawansu 'yan sa-kai ne, muka jira layinmu muka haura. Su suke tsara wanda zai hau da wanda zai sauka, kuma suna nanata maka ka buɗe makullin sakin ruwa mai jan fenti kafin mai fari, don ruwan ya bi ta tafkunan gefe kada ya malale hanya. Daga sama kanal ɗin ya miƙe kusan mil 20 babu wata ƙofa sai ƙauyen Watford, ta ramin da aka haƙa wa jirage a ƙarƙashin tudu a Husbands Bosworth. Ba mu yi nisa ba. Tafiyar kamar minti 20 daga saman ƙofofin muka samu gaɓa mai kyau babu kowa, muka kafa turke, muka ɗaure. Daga nan mutum na iya takowa da ƙafa ya ci abinci ya koma, in dai ya riƙe tocila, don babu fitilar titi ko ɗaya. Ba zobe, ba famfon ruwa, siginar waya ma sama-sama, kuma sai ka riƙa duba turken domin jirgin da ya wuce da gudu na iya tumɓuke shi in ƙasar na da laushi. Ka cika tankin ruwa tun a ƙasa, ka caja batir da tafiyar rana, ka kuma duba alƙibla bayan ka gama ɗaurewa, tunda kanal ɗin lanƙwasa yake yi ba ƙaƙƙautawa.

Mai yara ƙanana da zai iya samun hutu a tsakiyar mako ya fi kowa morewa, domin kuɗin haya kan sauka a wajen hutun makarantu, layin ƙofofin kuma gajere ne. Wanda kuma ba shi da sarari sai Asabar da Lahadi, ya isa Foxton da hantsi, ya ci abincinsa da wuri, ya kwance igiya tun da sauran rana.