Jirgin saman Mauritius: yadda yake aiki da inda yake ba da wahala

Jama'ar gida, sallama daga Mauritius. Masu shirin turo yara karatu da masu son zuwa kasuwanci suna yawan tambayarmu yadda ake isowa wannan tsibiri, kuma shin jirgin saman ƙasar, Air Mauritius, abin dogaro ne. Ga bayani.

Mutanen ƙasar duka ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba, ko kusa da yawan mutanen birnin Kano ba su yi ba, amma suna da kamfanin jirgin sama na ƙasa tun 1967. Gwamnati ce ta kafa Air Mauritius tare da Air France da BOAC ta Ingila da kamfanin Rogers na nan gida. Shekarun farko ma ba shi da jirgi ko ɗaya, hidimar jiragen wasu yake yi a ƙasa. Sai a 1972 ya fara tashi da ɗan ƙaramin jirgi Piper Navajo mai kujera shida, na haya, zuwa tsibirin Rodrigues. Daga nan aka hau Boeing 707, aka hau 747SP, a 1994 aka kawo Airbus A340, a 2017 kuma A350 na farko ya sauka. A wutsiyar kowane jirgi akwai jan zanen wani tsuntsun teku mai dogon bindi, shi ne tambarinsu.

Dole mutum ya tuna Nigeria Airways, wanda ya girme shi da shekara tara, ya taɓa mallakar jirage kusan talatin, ya durƙushe a 2003. Nigeria Air kuwa, da aka nuna tambarinsa a Ingila a 2018, har yau bai ɗauki fasinja ba. Ba wai na nan bai taɓa faɗuwa ba ne. A watan Afrilun 2020, da korona ta rufe iyakoki, kamfanin ya kasa biyan bashi, aka miƙa shi ga masu kula da kamfanonin da suka shiga matsala. An sayar da tsofaffin jirage, an rage ma'aikata, a Satumban 2021 gwamnati ta zuba rupi biliyan 12 ta tsamo shi. Dalilin a fili yake: ƙasar da masu yawon buɗe ido fiye da miliyan ɗaya ke ciyar da ita a shekara, ga teku ta kowane ɓangare, ba ta da zaɓin barin jirginta ya mutu. Mu a gida in jirgi ya ƙi, sai a nufi tasha. Nan babu tasha.

Manyan jiragensa, A350 da A330, su ke zuwa Paris, tafiyar awa goma sha ɗaya zuwa sha biyu, da Landan, inda tun 2023 ya koma sauka a Gatwick maimakon Heathrow. Yana zuwa Mumbai da Kuala Lumpur da Perth ta Ostireliya, da Johannesburg mai awa huɗu. Ƙananan masu farfela, ATR 72, su ke jigilar tsibirin Réunion, ƙasa da awa ɗaya, da Rodrigues, awa ɗaya da rabi. Titin saukar Rodrigues gajere ne, babban jirgi ba ya iya sauka, saboda haka ana tsananta awon kaya, kuma a lokacin hutun ƙarshen shekara kujera sai wanda ya riga.

Ba ya zuwa Najeriya ko Nijar. Daga Legas ko Abuja sai an yada zango, ta Nairobi da Kenya Airways, ta Istanbul da Turkish, ta Dubai da Emirates, ko ta Johannesburg. A sayi tafiyar duka a tikiti ɗaya. Wanda ya raba ta biyu don rage kuɗi, in jirgin farko ya makara, na biyun ba ruwansa, sabon tikiti zai saya, kuma kayansa ba za su wuce kai tsaye ba. Katin allurar shawara ya kasance a jakar hannu. Mai son abincin halal ya nema tun lokacin sayen tikiti, ko aƙalla kwana biyu kafin tafiya.

Inda kamfanin ke ba da haushi shi ne soke tafiya. Jiragensa goma sha kaɗan ne. In babba ɗaya ya samu matsalar inji, babu na ajiya da zai maye gurbinsa, kayan gyaran kuma daga Turai za a ɗauko, sai ka ga tafiyar Mumbai ta yau ta koma jibi, ta Perth ta bi sahu. Ga kuma guguwar teku daga Nuwamba zuwa Afrilu. Gargaɗinta mataki huɗu ne, da ya kai na uku ake rufe filin jirgi, a kwashe kwanaki ana rage cunkoson waɗanda suka maƙale. Duk mai jarrabawa ko ganin likita a wannan lokaci ya bar ratar kwana biyu.

A nan ne bambanci da gida ya fi fitowa. Galibi ana turo saƙo a waya ko imel kafin mutum ya bar gida, a sauya masa rana ba tare da ƙarin kuɗi ba, wani lokaci a ɗora shi a Air France, tunda suna raba kujeru a hanyar Paris. Sai dai samun wanda zai ɗaga waya a irin wannan rana aiki ne, gara a je ofishinsu na Port Louis, babban birnin ƙasar, da kai. Batun diyya kuma a lura: wanda ya taso daga Paris dokar Tarayyar Turai tana kare shi, yana iya karɓar har yuro 600 in jinkirin laifin kamfani ne. Wanda ya taso daga Mauritius zuwa Paris a wannan jirgin dai ba ya cikin dokar, domin kamfanin ba na Turai ba ne.

Filin jirgin, mai sunan Sir Seewoosagur Ramgoolam, yana kudu maso gabas, kusan kilomita 50 daga Port Louis. A daidaita kuɗin tasi kafin a shiga.